Jirgin wasa ma a yi shi da gaskiya

Kaka ta yi, an gama yankan hatsi, kara ya cika gonakin Atantane. A wannan lokaci ne yara suke zama gindin danni da reza ko ƴar wuƙa, suna ɓare kara suna ƙera mota. Totuwa ce jikin mota, ɓawon kara da ƙayar aduwa su ne ƙusoshi, sakaina ko tsohon takalmin soso ne ƙafafu. Wasu kuma yumɓu suke kwaɓawa, su gina shanu da raƙuma da tukwane. Duk kun san wannan, ba sai na koya muku ba.

Wata rana wani ɗan ajina ya zo da abin da ya fi mota. Jirgin ƙasa ne ya ƙera, da kansa da taragai biyar. Bai taɓa ganin jirgi ba, sai a hoto cikin wayar yayansa. Ya shafa masa shuni da jar ƙasa, ya yi kyau ƙwarai. Da aka fita hutu ya ɗaura masa zare, ya ja shi a guje cikin fili. Jirgi ya kewaye dogon yaro, ya hau dakalin ƙofar aji, ya sauko, ya tsaya cak. Kowa ya tafa, har ni.

Sai na ɗauki jirgin na duba. Na ga ya sa wa direba sitiyari. Na tambaye shi: «Ina jirginka za shi? Me ya ɗauko?» Ya yi shiru. Wata yarinya daga baya ta ce: «Mushe, wannan ai mota ce doguwa.» Aka yi dariya, yaron ya ɓata rai. Amma yarinyar ta faɗi gaskiya, kuma maganarta ce ta sa na rubuta muku wannan.

Ga ra'ayina. In za ku ƙera ƙaramin jirgi, ku yi shi yadda zai faɗi gaskiya a kan babban. Fenti ba ya isa. Sai girmansa ya dace da na mutanen da ke kusa da shi, sai ƙasar da yake ratsawa ta yi kama da ƙasar da muka sani, kuma sai ya yi tafiya da aiki irin na jirgi. Na ƙarshen nan ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi daɗi.

Kada ku zaci yara kaɗai ke wannan wasa. A Turai da Amurka da Japan akwai manya masu iyali waɗanda suke cika ɗaki guda da ƙananan jirage, da tashoshi, da gadoji, da duwatsu, suna tafiyar da su da lantarki. Abin ya daɗe. Tun a shekarar 1891 wani kamfanin Jamus mai suna Märklin ya fito da jiragen wasa masu wani irin dogo da ake harhaɗawa guntu-guntu, kowane guntu faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. A birnin Hamburg, a Jamus ɗin dai, an buɗe wani gida a 2001, ana kiransa Miniatur Wunderland. Tsawon ƙaramin dogon da ke cikinsa ya haura kilometir 15, kuma kowane minti 15 fitilu suna dusashewa, dare ya yi, sa'an nan gari ya sake wayewa. Wannan abin kallo ne na masu kuɗi. Mu abin da za mu ɗauka wurin mutanen nan shi ne tsarinsu, don shi kyauta ne.

Farkon tsarin shi ne ma'auni. A darasin taswira kun haɗu da shi, shi ne ake ce wa échelle da Faransanci. Ma'aunin da masu wannan wasa suka fi amfani da shi ana kiransa HO, wato 1/87. Ma'anarsa, kowane abu an rage shi sau 87, ba a bar ko ɗaya ba. Tsakanin ƙarafa biyu na dogon da ya fi yawa a duniya akwai milimetir 1435. Ku raba 1435 gida 87 a kan allo. Za ku sami milimetir 16 da rabi, kuma shi ne daidai faɗin dogon HO. Mutum mai tsawon metir 1 da santimetir 74 yakan koma santimetir 2, bai kai gaɓar yatsa ba.

Kara ba zai yarda da wannan ƙanƙanta ba, sai ya farfashe. Shi ya sa a ajinmu muka zaɓi 1/50, don lissafinsa mai sauƙi ne: kowane metir ɗaya ya zama santimetir 2. Jaki mai tsayin metir guda ya zama santimetir 2. Raƙumi, zuwa tozo, wajen santimetir 4. Rumbu mai metir 3 ya zama santimetir 6. Tarago mai tsawon metir 15 ya zama santimetir 30, faɗin dogo kuma ya kusa santimetir 3. Da muka ajiye jirgin yaron nan kusa da shanun yumɓu da ƙannensa suka gina, sai muka ga sa ɗaya ya fi kan jirgi tsayi. In da gaske ne, wannan sa zai leƙa cikin rumbu daga sama ya ci hatsi! Babu wanda ya lura da haka sai da aka ɗauko sandar awo.

Akwai wuri ɗaya da kowa yake karya ma'auni, har gwanaye, kuma ba na ganin laifinsu. Wurin nan shi ne nisa. A ma'auninmu kilometir ɗaya metir 20 ne. Hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi an tsara ta a kan kimanin kilometir 284. In muna son ta cika a filin makaranta, sai mun sami fili mai tsawon kusan kilometir 6. Ba mu da shi. Don haka ake matse daji tsakanin tasha da tasha, a bar tashoshin da girmansu. Mai ba da labarin tafiya ma haka yake yi: yakan ce «muka yi ta tafiya har muka isa», ba ya ƙirga muku kowace sabara da ya wuce. Amma kowa ya san an matse, an kuma yi shawara kafin a matse.

Bayan ma'auni sai kama. Jiragen roba da ake sayarwa a kasuwar Maraɗi suna ƙyalli kamar sabon kwano. Kun taɓa ganin kamyon da ya shigo kasuwar Mayahi yana ƙyalli haka? Ƙura ta rufe shi, baƙin mai ya zubo a gefen tanki, tsatsa ta ci gindin ƙofa, tamfol ɗinsa da faci. Wani Ba'amurke mai suna John Allen, mai sana'ar ɗaukar hoto a garin Monterey, ya yi suna a kan wannan. Shi da gangan yake tsufar da ƙananan jiragensa da gidajensa, ya sa musu tsatsa da hayaƙi da datti, har in an ɗauke su hoto mutum ya yi shakka ko na gaske ne. Ya rasu a 1973, kuma kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa gobara ta cinye aikin nasa, sai hotuna suka rage. Mu nan kayan tsufarwa ba su da wuya: ga toka, ga gawayi, ga jar ƙasa, ga ƙurar hunturu tana shigowa ta taga ba a gayyace ta ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne Roye England. Mutumin Ostireliya ne da ya koma Ingila da zama. Ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa suna ɓacewa, ana rushe su ko ana canja musu kama. Sai ya riƙa bin ƙauyuka yana auna su, yana zana su, yana ɗaukar hoto, sa'an nan ya gina ƙananansu daidai da yadda ya gan su. Daga aikinsa ne aka kafa gidan tarihi na Pendon a 1954, inda ƙananan jirage suke ratsa ƙauyen Ingila kamar yadda yake a wajen 1930. Ku lura, mutumin nan abin da ke gabansa ya kalla. Ku ma ku kalli naku. A garuruwanmu rufin kwano yana korar ɗakin shibci, famfo yana korar guga. In kuka gina Atantane ta yau daidai, da rumbunanta da rijiyoyinta da amalankenta, jikokinku za su so ganin ko da hotonta ne.

Kallon nan ba abu ne mai sauƙi ba. Da muka fara gina filinmu, ƴan aji suka yi gonar hatsi kore shar, suka dasa gawo a tsakiya, suka liƙa masa ganye cunkus. Ya yi kyau ga ido, amma ƙarya ne. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa, shi ya sa hatsi yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Duk ƴaƴan manoma ne, duk sun san haka, amma da suka zo yin itace sai suka yi itacen littafi. Muka zauna muka zaɓi lokaci ɗaya: bayan kaka. Gona ta koma kututturen kara, gawo ya riƙe ganyensa, aka sa jajayen awakin Maraɗi suna kiwo, aka jera goriba a kwari kamar yadda take a Gulbin Kaba.

To, yanzu ga babbar magana, wato aiki.

Direban jirgi ba shi da sitiyari. Ƙafafun jirgi na ƙarfe ne, kowace tana da leɓe ta ciki wanda yake hana ta sauka daga dogo. Inda dogo ya bi, nan jirgi zai bi. Ba ya kauce wa jaki, ba ya kauce wa mutum. Ba ya kwana mai kaifi kamar amalanke, sai ya yi baka mai faɗi. Ba ya hawan tudu mai tsini, domin ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Hawan metir 1 ko 2 cikin kowane metir 100 ma aiki ne ga jirgin kaya. Shi ya sa masu shimfiɗa dogo suke yanke tudu su cike kwari. Kuma wannan santsin ne yake hana shi tsayawa da sauri. Jirgin kaya mai nauyi, in yana cikin gudu, yakan ci kilometir guda ko fiye bayan an taka birki kafin ya tsaya. A filinmu wannan metir 20 ne. Ku auna metir 20 daga ƙofar aji ku ga inda ya kai.

Gudu ma yana da ma'auni. Jirgin da ke yin kilometir 36 a awa yana cin metir 10 a kowace daƙiƙa. A 1/50 wannan santimetir 20 ne kawai, kusan taƙi guda. Wanda ya ja jirginsa a guje cikin fili, kamar yadda yaron nan ya yi, ya sa shi gudun da ya kai na jirgin sama. Ranar da muka fara jan namu a hankali, ana ƙirga daƙiƙa da baki, ƴan aji suka ce sun gaji. Bayan ɗan lokaci sai fili ya yi tsit, kowa ya durƙusa yana kallo daga ƙasa. Jirgin kara ya yi nauyi a ido.

Sa'an nan jirgi ba ya tafiya don yawo. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma babban abin da yake kwasa zuwa bakin teku a wancan zamani shi ne gyaɗa da auduga da fatu. Gyaɗar ƙasar Maraɗi da Tasawa da Damagaram ma ta sha bin hanyar kudu, a kan raƙuma da jakai, daga baya a kan kamyo, har ta tarar da jirgi. Ku tambayi kakanninku. Masu ƙananan jirage da suka san abin da suke yi sukan rubuta wa kowane tarago ƴar takarda: me ya ɗauko, daga ina, zuwa ina. Mu ma haka muka yi. Wannan tarago buhun wake ne da aya za su kudu. Wancan siminti ne da takin zamani za a sauke a tasharmu. In babu takarda, tarago ba ya motsi. Nan da nan aka sami aiki ga kowa: shugaban tasha, mai sayar da tikiti, mai awon kaya, ƴan dako, da mai agogo wanda yake buga gwangwani. Tun da mun matse nisa, sai muka matse lokaci: minti ɗaya namu minti goma ne na jirgi. Turawan ma suna da agogo mai sauri don wannan.

A ƙasarmu an ga cewa ƙarfe da tasha kaɗai ba sa zama hanyar jirgi. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilometir 140, amma jiragen kaya da na fasinja ba su kama zirga-zirgar yau da kullum a kansa ba. Filin wasan da babu kaya, babu lokaci, babu dalilin tafiya, haka yake zama: a kalle shi kwana biyu, a bar wa awaki.

Dogonmu layi ɗaya ne, kamar yawancin dogon Afirka. Yaya jirage biyu za su wuce juna? Sai a tasha, inda layi yake rabuwa biyu ya sake haɗuwa. Ɗaya ya raɓe ya jira ɗan'uwansa. Kuma yaya za a hana su shiga layi ɗaya gaba da gaba? A Ingila, da ƙasashen da suka koyi aikin dogo wurin Ingilishi, an daɗe ana amfani da wata dabara. Tsakanin kowace tasha biyu akwai sanda guda tak. Direban da ba ya riƙe da ita ba ya shiga wannan layi, ko da sarki ya ɗauko. In ya isa, ya miƙa ta ga shugaban tasha. Mun yanko sandar kalgo, mun ɗaura mata jan ƙyalle, ta zama sandar hanya.

Na san akwai masu ganin ba haka ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Mahaifin yaron nan ya tare ni ranar kasuwa ya ce: «Mushe, mu lakkol munka sa shi, ba wasan kara ba.» Na ce: «Baba, gaskiyarka. Amma ka zo ka gani.» Na nuna masa kayen ɗansa: rabawa, ninkawa, juya metir zuwa santimetir, shafi huɗu, duk yaron ya yi su ba wanda ya tsaya kansa da bulala, don yana son taragonsa ya zauna daidai a kan dogo. Dattijon bai ce komi a kan lissafin ba. Rumbunmu ya tsura wa ido. Ya ce mun ajiye shi a ƙasa, gara za ta cinye hatsin cikin wata guda. Ya tsuguna ya nemo ƴan tsakuwa, ya ɗora rumbun a kansu.

Wani abokin aikina kuma cewa ya yi na cika tsanani. Wasa wasa ne, a bar yaro ya sa jirginsa ya tashi sama in yana so. Ya ƙara da cewa ai babu dogo a Atantane, don haka filin namu duka ƙarya ne tun daga tushe. A kan ta farko na yarda da shi rabi. Ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya, a bar shi da motarsa doguwa, kada a kashe masa zuciya da sandar awo. Ni ma na yi kuskure da na bari aka yi wa yaron nan dariya, na kuwa ba shi haƙuri. Amma ku da kuka iya rabawa, wasan da ba shi da doka ba ya daɗewa a hannunku. Dara da langa ma dokokinsu ne suke sa a kwana ana yi. A kan ta biyu kuwa ban yarda ba. Akwai abin da babu shi amma zai yiwu, akwai abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Tasha a Atantane, mai ɗaukar wake da awaki, tana cikin na farko. Jirgin da ya hau dakali yana cikin na biyu. Masu gina hanyoyi da gadoji su ma da ƙaramin abin da babu shi tukuna suke farawa, amma ba sa yi wa nauyi da awo ƙarya.

Kuma maganar ta matso kusa da mu. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimetir 1435 ne, alhali tsohon dogon Kano milimetir 1067 ne, don haka taragon wancan ba zai hau wannan ba. Mutanen Mayahi da Tasawa masu zuwa cin rani ne, masu fatauci ne, masu kora dabbobi kudu ne. Da yawanku wata rana za ku tsaya bakin dogo da garke ko da amalanke, ku hango jirgi can nesa kamar ba ya motsi. Wanda ya taɓa auna metir 20 ɗin nan a filin makaranta zai jira. Kuma jirgi yana bukatar direbobi da makanikai da masu kula da sigina da shugabannin tasha. Ban ga abin da zai hana su fito daga cikin wannan aji ba, maza da mata. Yarinyar da ta gane doguwar mota ita ce shugabar babbar tasharmu, kuma ba ta da sassauci.

Duk da haka mun yi haɗari sau ɗaya. Ranar wata Alhamis jirgin wake da jirgin siminti suka yi karo gindin dogon yaro, taragai uku suka karye, buhunan rairayi suka zube. Kowane direba ya ɗaga hannu, ga sandar kalgo da jan ƙyalle. Sanda biyu! Da aka bincika, sai aka gane direban siminti ne ya gaji da jira a tasha, ya zagaya bayan aji ya yanko tasa. Ƴan aji suka zauna shari'a da kansu, ni ina gefe. Suka yanke masa ya gyara taragan uku da karansa, kuma ya yi sati guda yana dako kafin a sake ba shi kan jirgi.